Idon da Ke Hango Haɗari Kafin a Sa Wuƙa

A ƙauyukan arewacin Kano, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi da Tsanyawa, daga Minjibir zuwa Ɗambatta da Makoɗa, in idon magidanci ya yi rawaya ba a cika tayar da hankali ba. Shawara ce, kowa ya san ta, kowa kuma ya san wani da ya sha jiƙo ya miƙe. Sau da yawa hanta ce ta kumbura, ta kuma lafa don kanta. Amma akwai wata shawarar da ba ta jin jiƙo. Ba ta cika zuwa da zazzaɓi ba, da farko ma ko ciwo babu. Fitsari ya yi duhu, bayan gida ya koma fari-fari, jiki ya ɗauki ƙaiƙayi har mutum ya kwana yana susa, wando ya fara zamewa daga ƙugu. In mai wannan ya haura shekara 50, likita kuma ya ɗora hannu ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama ya ji matsarmama ta cika tam ba tare da zafi ba, to zai tuna abin da wani likitan Suwizalan, Ludwig Courvoisier, ya lura da shi tun 1890: da wuya a ce tsakuwa ce ta toshe hanyar maɗaciya, a nemi ƙari.

Ƙarin yakan zauna ne a kan fankiriyas, wata tsoka mai laushi da ke kwance a gicciye bayan tumbi, tsawonta wajen santimita 15. Mutanenmu sun fi jin labarinta ta dalilin ciwon suga, don ita ke yin insulin. Tana da wani aikin kuma: kullum tana tsatso ruwa fiye da lita 1, mai narkar da nama da kitse da tsaba, tana zuba shi cikin farkon ƙaramin hanji ta wani siririn bututu. Bututun maɗaciya da ya gangaro daga hanta ta cikin kan fankiriyas yake ratsawa, shi ya sa ɗan ƙaramin ƙari a wurin ya isa ya datse shi.

Aikin cire wannan ƙari yana cikin mafi girman ayyukan da ake yi a cikin ɗan'adam. Ana ce masa aikin Whipple, da sunan Allen Whipple na Niyok da ya bayyana shi a 1935, ko da yake wani Bajamushe, Walther Kausch, ya riga shi yi a Barlin a 1909. Ana cire kan fankiriyas ɗungurungum, da farkon hanjin da ya kewaye shi, da matsarmama, da ƙarshen bututun maɗaciya, wani lokacin har da sashen tumbi. Sannan a jawo hanji sama a yi haɗi uku: a ɗinka masa ragowar fankiriyas, a ɗinka bututun maɗaciya, a ɗinka tumbi. Sai a yi sa'a 5, 6, har 8 likitoci na tsaye.

A shekarun 1960 da 1970, kusan mutum 1 cikin 4 da aka yi wa aikin ba ya fita asibiti da rai, har wasu manyan likitoci suka ce a bar shi. Yau, a asibitocin da suka saba da shi, mace-macen sun sauko ƙasa da kashi 5 cikin 100. Abin da ya ƙi saukowa shi ne matsalolin bayan aiki. Har yanzu kashi 30 zuwa 50 cikin 100 sukan gamu da wata tangarɗa, ƙarama ko babba. Likitocin Zurik, Clavien da Dindo, sun jera waɗannan matsaloli aji 5 a 2004, kuma daga aji na 3 ne ake kiran matsala babba: wadda sai an koma ɗakin tiyata ko an soka roba a ciki, wadda ƙoda ko huhu suka tsaya, sai ta ƙarshe wadda ba a tashi. Wa zai faɗa cikin waɗannan? Hannun da ke yanka kowa na jinjina masa, kuma ya cancanta. Ni dai abin da ya fi burge ni shi ne idon da ke hango abin da zai faru kwana 5 bayan yankan.

Gwanin yakan fara awonsa tun daga bakin ƙofa, kafin a buɗe fayil. Yana kallon yadda dattijon ya shigo, da ƙafarsa ko jingine da kafaɗar ɗansa, yadda ya miƙe daga kujera, ƙarfin damƙarsa wajen gaisawa. Littattafan Turai sun ce a tambayi maras lafiya ko yana iya hawan bene mai hawa 2 ba tare da haki ba. Mutumin ƙauyen Tsanyawa ina ruwansa da bene? Likitan da ya san mutanensa sai ya juya tambayar: "Baba, bana kai ka yi huɗa da kanka? Kunya nawa kake yi kafin ka tsaya? Har yanzu kana zuwa kasuwa a keke?" In amsar ta zama, "Wallahi likita, bara ni na nome gonata, bana ko masallaci sai an riƙe ni," to an ji labarin zuciya da huhu da tsoka gaba ɗaya, an kuma ji saurin da ciwon ke yi. Likitan sa barci shi ma zai ɗora nasa ma'auni, wanda asalinsa ya faro a Amurka a 1941, daga aji na 1 mai cikakkiyar lafiya zuwa aji na 5 wanda ke gargara.

Akwai wani wuri da sai mai ido ke rarrabewa. Manomin wannan yanki, da gonarsa ba ta hutu, kowace shekara a kai taki a noma gero da dawa da gyaɗa da wake, dama can ba mai teɓa ba ne. Rashin ƙibarsa alheri ne a wannan aiki, don mai ƙiba fankiriyas ɗinsa kan cika da kitse ta yi laushi, ɗinki ya yi wuyar kamawa, shi ya sa likitocin Holan suka sa nauyin jiki cikin ma'aunin haɗarin da suka fitar a 2019. Amma rama iri biyu ce. Akwai ta aiki, wadda damtse ke nan da ƙarfinsa. Akwai ta ciwo, wadda ke cinye naman gefen goshi da na cinya, bayan mutum ya yi watanni yana ture kwanon tuwo. Sikeli ba ya bambanta su. Hannun likita da gwajin jini su ke bambantawa: yawan jinin da ya rage, da wani furotin da hanta ke yi mai suna albumin, wanda in ya sauka ƙasa da 3.5 alama ce jiki ba shi da abin da zai haɗe ɗinki da shi.

Ita kanta shawarar tana da nata sharri. In maɗaciya ba ta isa hanji, bitamin K ba ya shiga jiki, jini sai ya ƙi daskarewa, ƙoda kuma ta zama mai saurin gajiya. Hankali zai ce a fara sa ɗan bututu a buɗe hanyar kafin babban aiki. Wani gwaji da aka yi a Holan, aka wallafa a 2010, ya nuna akasin haka: waɗanda aka fara buɗe wa hanyar, kashi 74 cikin 100 sun gamu da manyan matsaloli, waɗanda aka wuce da su tiyata kai tsaye kuwa kashi 39. Bututun na shigar da ƙwayoyin cuta. Saboda haka yanzu sai in shawarar ta yi tsanani ƙwarai, ko zazzaɓi ya shigo, ko aikin zai jinkirta. Irin wannan ne ke sa na girmama sana'ar: mutanenta sun yarda su gwada abin da suke ganin ya dace, in ya faɗi su bar shi.

Sai hoton CT. A nan ake duba ko ƙarin ya naɗe manyan jijiyoyin jini da ke wucewa ta bayan fankiriyas, ko ya riga ya yi tsalle zuwa hanta. A duniya baki ɗaya, mutum 15 zuwa 20 ne kawai cikin 100 ake samun sankarar fankiriyas ɗinsu a matakin da za ta ciru. A wajenmu, inda sai an gama da jiƙo da kemis, an jira kaka an sayar da amfani, sannan a je babban asibitin Bichi ko na Ɗambatta, daga nan a turo mutum Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano ko Shika, yawancin masu zuwa sun makara.

To a ce an dace, ƙarin zai ciru. Mafi muhimmancin awon a cikin ɗakin tiyata ake yinsa, da ɗan yatsa.

Cikin haɗi ukun nan, na fankiriyas ne abin tsoro. In ɗinkin ya saki, ruwan da aka halitta don narkar da nama sai ya zubo cikin ciki, ya haɗu da maɗaciya da ruwan hanji ya farka, ya shiga cin abin da ya tarar. Wannan yoyon shi ne uwar matsalolin: shi ke tara mugunya, shi ke sa tumbi ya ƙi sauke abinci, shi ke cinye bakin jijiyar da aka ɗaure har ta ɓalle da jini. Mutum 10 zuwa 15 cikin 100 sukan yi yoyon da ke buƙatar magani. Kafin ya fara ɗinki, likita kan riƙe ragowar fankiriyas tsakanin babban yatsa da manuni ya ɗan matsa. Mai lafiya laushi gare ta. Ɗinka ta kamar a ce mutum ya ɗinke awara da zare ne, in ka ja zaren ya yanka, in ka sassauta ya zuba. Wadda ƙari ya daɗe da toshe mata bututu kuwa ta yi tauri, ta rage tsatso ruwa, bututun nata ya buɗe, tana riƙe zare da kyau. Wato mai lafiyar ce mai haɗari. Wanda bai san aikin ba zai yi murna da abin da gwani ke gani gabansa ya faɗi.

A 2013 Mark Callery na Bostan da Charles Vollmer da abokan aikinsu suka mayar da wannan sani lissafi, maki 0 zuwa 10, daga abubuwa 4. Laushin tsoka maki 2, tauri ba komai. Faɗin bututu: milimita 5 ko fiye ba komai, 4 maki 1, 3 maki 2, 2 maki 3, milimita 1 maki 4. Irin ciwon: in sankarar fankiriyas ce ko daɗaɗɗen kumburinta ba komai, in wani ƙari ne na maƙwabta maki 1. Sai jinin da ya zuba yayin aiki: har zuwa mililita 400 ba komai, yana hawa har maki 3 in ya haura lita 1. Babu na'ura mai tsada a ciki. Yatsa ne, da ɗan ma'auni, da kwalbar da ke tara jini, da gaskiyar likita wajen rubuta abin da ya zuba.

Mu ɗauki mutum biyu a gadaje maƙwabta. Na farko sankara ce a kan fankiriyas, tsokar ta yi tauri, bututun milimita 6, jinin da ya zuba mililita 300. Makinsa 0, da wuya ɗinkinsa ya yi yoyo. Na biyu ƙarinsa a bakin mashigar bututun cikin hanji yake, ya nuna kansa da wuri, fankiriyas tana nan da laushinta, bututun milimita 2, an zubar da mililita 800. Laushi 2, irin ciwo 1, bututu 3, jini 2: maki 8. A rukuninsa, kusan mutum 3 cikin 10 sukan yi yoyo mai tsanani. Abin mamaki, shi wannan na biyun ne ke da kyakkyawan zaton daɗewa in ya tsallake, don irin ƙarinsa ya fi sauƙi. Makonni 2 na farko ne nasa yaƙin. Na farkon zai sauka daga gado cikin sauƙi, nasa yaƙin yana gaba. Dangi na ganin mutum biyu da aka yi wa aiki iri ɗaya, likita na ganin hanyoyi biyu da ba su haɗa komai ba.

Makin kuma yana sauya abin da za a yi nan take. Mai maki 8 za a iya sa masa siririyar roba cikin bututun don ta fitar da ruwan waje har ɗinki ya kama, a bar robar tsane ruwa kusa da haɗin, a ajiye shi ɗakin kulawa ta musamman. A wasu ƙasashe, in haɗarin ya kai maƙura, akan cire fankiriyas ɗin gaba ɗaya a huta da ɗinkin. Likitan da ya san ƙauyen da maras lafiyarsa zai koma zai yi dogon tunani kafin wannan, don ma'anarsa allurar insulin kullum har ƙarshen rayuwa, da ƙwayar narkar da abinci a kowane ci, a gidan da wutar lantarki baƙuwa ce kuma wurin sanyaya magani bai wuce gindin randa ba.

Bayan an rufe ciki awon bai ƙare ba. Abin da ke ɗiga daga robar tsane ruwan ana kai shi a auna amilas, ɗaya daga cikin sinadaran fankiriyas. Likitocin Verona ta Italiya, ƙarƙashin Claudio Bassi, sun nuna cewa in amilas ɗin ranar farko ya haura 5,000 a yi shiri, in kuwa ya yi ƙasa gara a zare robar a rana ta 3, don barinta ma na jawo cuta. Daga rana ta 3, in ya ninka iyakar na jini sau 3, ana ɗaukar ɗinkin na tsatsa. Sai launin ruwan: daga garai-garai ya koma toka-toka mai kauri. Sai bugun zuciya da ya tashi daga 80 ya zauna a 110 ba dalili, numfashi ya ƙaru, fitsari ya ragu, dattijon da jiya ke tambayar labarin gona yau ya yi shiru yana rikita sunan 'ya'yansa. Mafi hatsari cikin alamun ita ce mafi ƙanƙanta: ɗan jini ja da zai bayyana a robar ya tsaya. Mai jinya zai ce alhamdu lillahi ya tsaya. Nas ɗin da ta san aikinta za ta tashi likita ko ƙarfe 3 na dare ne, don wannan ɗigon sau da yawa shi ke riga ɓallewar jijiya da sa'o'i ko kwana.

A nan ne binciken duniya ya faɗi abin da ya kamata mu ji. A 2002 John Birkmeyer ya nuna cewa a Amurka, asibitocin da ba su cika yin tiyatar fankiriyas ba suna rasa kusan kashi 16 cikin 100, waɗanda suka saba kuwa kusan kashi 4. A 2009 shi da abokan aikinsa suka gano cewa a manyan tiyatoci yawan matsalolin kusan ɗaya ne tsakanin asibitoci, bambancin yana wajen ganewa da wuri da ceto. Mutanen Holan suka ɗauki wannan da gaske. A asibitocinsu 17 da ke yin aikin a lokacin, suka sa kullum daga rana ta 3 zuwa ta 14 a shigar da zafin jiki da bugun zuciya da sakamakon jini cikin wata manhajar waya, ita kuma ta ce yau a ɗauki hoto, yau a fara maganin ƙwayoyin cuta, yau a soka roba a tsane. Sakamakon da suka wallafa a 2022: mace-mace cikin kwana 90 sun sauko daga kashi 5 zuwa ƙasa da kashi 3. Ba su sauya ɗinki ko ɗaya ba.

Namu labarin na Afirka ya fi ɗaci. Binciken da Bruce Biccard na Afirka ta Kudu ya jagoranta a ƙasashe 25, har da Najeriya, kan mutum 11,422, wanda ya fito a 2018, ya nuna cewa marasa lafiyarmu sun fi ƙuruciya, matsalolinsu ma ba su kai na sauran duniya ba, amma haɗarin mutuwarsu bayan tiyata ya ninka. Kusan duk mace-macen bayan ranar aikin suka faru, a kan gadon jinya. Daga nan aka ƙirƙiro ma'aunin haɗari na Afirka, aka gwada kai masu babban maki kusa da teburin nas, a riƙa duba su akai-akai, a bar dangi su zauna da su. Sakamakon 2021 bai nuna raguwar mace-mace ba. Abin ya dame ni, amma ban ga laifin ma'aunin ba. Nas ɗaya ce a kan gadaje masu yawa, kuma ko ta gano matsalar, sai akwai jini a ajiye, da hoto da dare, da wanda zai soka robar.

Shi ya sa gwanin likita a nan yake auna abin da ba ya cikin lissafin Bostan. Yana auna asibitinsa: akwai gado a ɗakin kulawa ta musamman a makon nan? Leda nawa ta jinin rukuninsa ke hannu? In jijiya ta ɓalle ranar Asabar da dare, wa zai zo? Yana auna aljihun dangi, a ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin magani daga aljihun mutane yake fita. Iyalin da suka sayar da shanun huɗa suka jinginar da gona don kuɗin aiki, in yoyo ya zo a rana ta 6 da me za a sayi maganin mako 3? Gona a wannan yanki, da gado ya riga ya yayyanka ta ƙanana, in ta fita hannu ba ta cika dawowa ba. Likitan kirki yakan zaunar da babban ɗa ya ce a tanadi kuɗin matsala tun kafin ta zo, ba kuɗin aiki kaɗai ba.

Wani lokacin kuma ƙarshen lissafin shi ne a'a. Aikin Whipple a Najeriya jefi-jefi ake yinsa, a 'yan manyan asibitoci. Ga dattijo mai shekara 75 da zuciya ta gaji, albumin ya faɗi, ƙari ya jingina da jijiya, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Akwai ƙaramin aiki na kewaye, a haɗa hanyar maɗaciya da hanji ta saman ƙarin, a haɗa tumbi da hanji in abinci ya daina wucewa. Ba ya cire ciwon. Amma ƙaiƙayi zai tafi, ido ya washe, ya koma gida ya ci abinci cikin iyalinsa. Faɗin wannan a'a ga mutanen da suka zo da kuɗinsu a ƙulle suna roƙo yana buƙatar sani da tsoron Allah fiye da ɗaukar wuƙa.

Na san akwai masu jin wani iri in likita ya ce mutum 3 cikin 10. Suna ganin kamar shiga hurumin da ba nasa ba ne. Likita bai san gaibu ba, kuma mai hankalinsu ba ya da'awar haka. Bai san ko Baba na cikin ukun ko cikin bakwan ba. Ajali na Allah ne. Abin da ya sani shi ne abin da ya faru da dubban mutane masu irin wannan tsoka da irin wannan bututu, kuma ɓoye wa dangi wannan sani zalunci ne, don da shi za su yanke shawarar da dukiyarsu da ran mahaifinsu ke ciki.

Ranar sallama ma sai an yi lissafi. Jijiya na iya ɓallewa mako 2 ko 3 bayan aiki, lokacin da mutum ya fara shan kunu yana ƙorafin gida. Mai maki 0 ana iya barinsa ya tafi. Mai maki 8 daga wani ƙauye bayan Makoɗa, da sai ya nemi babur zuwa bakin titi, ya jira mota, sannan ya ratsa cunkoson Kurna kafin ya ga ƙofar asibiti, ba a sake shi haka. Likita zai tambayi ɗan ko akwai ɗan'uwa a birni da za su sauka wajensa na mako 2, ya sa 'yan'uwan da jininsu ya dace su zauna kusa, ya rubuta masa lambar ɗakin jinya a bayan kati. Sannan ya lissafa masa abubuwan da ba a jira gari ya waye a kansu: zazzaɓi da rawar sanyi, ciwon ciki da ya sauya, aman jini, baƙin bayan gida, ko jini a bakin rauni komai ƙanƙantarsa, ko da ya tsaya.